Makin Wasa, Makin Wa?

Mu da muka tashi cikin lakol, maki ya riga ya shiga jininmu. Tun muna ƙanana ake auna mu bisa goma, muka shiga koleji aka koma bisa ashirin, kuma har yau in aka miƙo maka takardar dewar, idonka lambar da ke sama yake fara nema. Gyaran da mushe ya ɓata dare yana yi da jan biro, wannan sai in an samu lokaci. Ka ci 14, ka ninke takarda ka jefa aljihu kana murmushi. Ka ci 7, ka ninke ta ka jefa aljihu fuska a murtuke. Cikin biyun ba wanda ya karanta abin da aka rubuta a gefe.

Wannan hali ya biyo mu har cikin wasan bidiyo. A kowace fada da ake buga Play, in gardama ta tashi kan wane wasa ya fi, kafin shayi na biyu ya sauka wani ya zaro salula ya ce, "Wanga 94 gare shi, naka 81, zance ya ƙare." Ni kuwa a ganina daga nan ne ma zancen ke farawa. Ban ce a watsar da makin ba. Abin da nake cewa shi ne nauyinsa ba ɗaya ba ne ko'ina: in ya yi ƙasa sosai ina yarda da shi kusan ido rufe, in ya yi sama kuma ina ɗaukarsa kamar gaisuwar baƙo, a amsa da fara'a amma kada a gina gida a kai.

Mu fara da inda lambar take fitowa. Mafi yawan lokaci 94 ɗin nan ko 81 ɗin nan daga Metacritic ne, wani kamfanin Amurka da ya fara aiki a 2001. Su ba sa buga wasa su yanke hukunci. Suna tattaro makin da jaridu da mujallun wasa suka bayar, wannan bisa 10, wancan bisa 5, wani bisa 20, su mai da duka bisa 100, sannan su fitar da matsakaici, abin da mu muke ce wa mwayan. Sai dai kowace jarida da kowefisiyan ɗinta, wata ta fi wata nauyi, kuma ba sa faɗin wace ce ta fi. Ku ɗan yi tunani. Ɗan seri D ya san tun farkon shekara cewa lissafi ya fi tarihi nauyi a bak, ya san inda zai zuba ƙarfinsa. A ce an ɓoye mana kowefisiyan, sai dai kawai a kafe sakamako a bango, ai da tuni ƴan USN sun tare hanya. Amma irin wannan lissafin ne muke ɗagawa a fada kamar hukuncin alƙali.

Sannan ma'aunin kansa ba irin namu ba ne. A wurinmu 10 bisa 20 ka tsira, 12 ka yi ƙoƙari, 14 ka samu yabo, 16 kuwa sai a yi ta labarinka a unguwa. To 7 bisa 10 ai shi ne 14 bisa 20. Amma a duniyar masu sharhin wasa, 7 kusan raini ne, ma'anarsa "ba laifi, in ka rasa abin yi". A Metacritic, wasa sai ya kai 75 ake shafa masa kore. Daga 74 zuwa 50 ruwan ɗorawa ne, ƙasa da haka ja. Ke nan wasan da ya ci 74, wato kusan 15 bisa 20, an riga an sa masa launin gargaɗi. Wani ɓangare na dalilin daga makarantun Amurka yake, inda kashi 70 cikin 100 matsakaici ne kawai, ƙasa da 60 kuma faɗuwa. Ɗaya ɓangaren shi ne manyan jaridu sun fi ba da lokacinsu ga manyan wasanni, waɗanda aka zuba wa kuɗi masu yawa, da wuya su lalace ƙurmus. Sai maki ya taru wuri guda, tsakanin 70 da 95, kamar ajin da kowa ke cin 14 zuwa 19. Ko jeuxvideo.com ta Faransa, da ke auna wasa bisa 20 kamar yadda aka saba mana, ku karanta sharhin da ya ƙare da 14, za ku ji marubucin bai yi wani murna ba.

A cikin irin wannan matsi, mene ne bambancin 84 da 85? Ga mai wasa, babu. Jarida ɗaya ta makara da sharhinta, ko wani marubuci ya tashi da ciwon kai, lambar ta motsa. Amma ga masu yin wasa, maki ɗayan nan kuɗi ne. Kamfanin Obsidian ya fitar da Fallout: New Vegas a 2010. A yarjejeniyarsu da Bethesda, wadda ta ɗauki nauyin aikin, akwai ƙarin kuɗi in wasan ya kai 85 a Metacritic. Ya tsaya a 84. Ba su samu ko dala ba daga ƙarin, kuma ɗaya daga cikin manyansu, Chris Avellone, shi ya faɗi haka a fili a 2012. Yau kuwa masu son Fallout da yawa wannan ne suke ɗauka a matsayin gwani cikin jerin. Duk lokacin da na ji wani yana cika baki da tazarar maki uku ko huɗu, wannan labari nake tunawa.

Inda kuɗi ya rataya a kan lamba, dole a samu masu son taɓa ta. A ƙarshen 2007 jaridar GameSpot ta sallami Jeff Gerstmann bayan ya ba Kane & Lynch: Dead Men 6 bisa 10, a daidai lokacin da tallar wasan ta cika jaridar. Sai a 2012 ya samu damar faɗin cewa matsin masu talla ne ya kawo korar. To amma ni ba na cikin masu cewa duk an saye su. Wannan magana ta yi sauƙi da yawa, irin ta wanda ya faɗi jarrabawa ya ce mushe ne ba ya son shi. Mafi yawan masu sharhi abin da suka gani suke faɗi. Matsalar tana wurin da suke zaune lokacin da suka gani. An aiko musu da wasan kyauta kafin ya fito, suna da kwana kaɗan su gama shi su rubuta, na'urarsu sabuwa ce, intanet ɗinsu ba ya yankewa, kuran ba ya ɗaukewa. Wanda bai cire ko tamma daga aljihunsa ba, ba zai ji abin da kake ji ba in ka biya. Sabon wasan Sony na PS5 ya fito a kan yuro 80 a Turai, wato sama da jika 52 na sefa. Ku lissafa kwana nawa ɗalibi zai ci abinci da wannan kuɗi.

Maganar na'ura ita ta fi damuna, don ita ta fi shafarmu. Cyberpunk 2077 ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, bayan shekaru ana jiransa. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya ba ƴan jarida na kwamfuta kaɗai kafin fitowa, bai ba su na PS4 ko na Xbox One ba. Maki ya fito sama, kusan 90, mutane suka saya. Waɗanda suka sa shi cikin PS4 suka tarar da wani abu daban: hoto na tsinkewa, mutane da motoci na ɓullowa daga babu, wasan na mutuwa yana fitar da kai. Cikin kwana kaɗan Sony ta cire shi daga shagonta, ta ce duk mai so a mayar masa da kuɗinsa, bai koma ba sai watan Yuni 2021. Daga baya na PS4 ya samu nasa makin, ƙasa da 60. Suna ɗaya, hoto ɗaya a bayan kwali, tazarar maki kusan talatin. To mu wace na'ura ke hannunmu? PS4 na hannu da suka shigo ta Kano, PS3 da wani ɗan uwa ya aiko daga waje, wasu ma har yau PS2. Lambar da ke fara fitowa in ka nemi wasa, galibi ta na'urar da ba ka da ita ce.

Za ku ji ana cewa ai an gyara Cyberpunk, yanzu ya zama wasan kirki. Gaskiya ne, amma babban gyaran da aka yi a watan Satumba 2023 bai zo wa PS4 ba sam, na PS5 ne da sabuwar Xbox da kwamfuta. Wannan ya kai mu ga abin da masu ba da maki ba sa ko lissafawa, don a wurinsu ba magana ba ce: mizajur. Wasannin yanzu da yawa, abin da ke cikin faifai bai kammala ba, sai ka haɗa da intanet ka sauke gyara na giga da yawa. Shi mai sharhi ya danna ya tafi shan kofi ya dawo. Kai kuwa da forfe na dare kake lallaɓawa, rezo na zuwa yana tafiya. In ba ka sauke ba, wasan da kake bugawa ba shi ne wanda aka ba makin ba.

Yayana yana da ɗakin Play a unguwarmu, tele huɗu da benci biyu, da wani tsohon fanka da ke juyawa in ya ga dama. Da wannan yake biyan haya yake ciyar da iyalinsa, don haka sayen sabon wasa a wurinsa shawara ce ta kasuwa. Wata rana wani ya kawo masa faifan Red Dead Redemption 2 na sayarwa, yana ta nuna masa a salula cewa 97 ne da shi, cikin mafi girman maki da aka taɓa bayarwa. Yaya ya juya kwalin, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kai da ka iya karatun abin ga, hwaɗa mini. Mutum nawa ka bugawa lokaci guda?" Na ce ɗaya. "Minti nawa partin shi?" Na ce ba parti gare shi ba, labari ne mai tsawo, sai ka yi awa hamsin ba ka ƙare ba. "Wuri nawa shika ci?" Na ce kusan giga 100. Ya miƙa wa mutumin kayansa ya ce, "Allah shi kawo kasuwa."

Yaya bai ce wasan ba shi da kyau ba. Lissafinsa daban ne. Yaro ya zo da dala ashirin a hannu, yana son minti goma da abokinsa, ɗaya ya ɗauki Real ɗaya ya ɗauki Barsa, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya karɓi manet. Red Dead kuwa awanninsa na farko cikin dusar ƙanƙara kake, kana bin doki a hankali, ana ta magana da Turanci. Tele ɗaya za ta mutu a kan mutum ɗaya, in kuran ya ɗauke a tsakiyar aiki kuma ya koma baya. Abin da ke kawo kuɗi a ɗakin nan PES ne da FIFA, sai Mortal Kombat da Naruto, kuma ba wanda ya taɓa tambayar makinsu kafin ya zauna. Har yau akwai masu zuwa musamman don PES 2013 a PS3, wasan da ya haura shekara goma, an sa masa sababbin ƴan wasa da riguna, suna cewa ba a sake yin ƙwallon da ke bin hannu kamarsa ba.

Ni na buga Red Dead daga baya, lokacin hutu, a gidan wani aboki, dare bayan dare har na kai ƙarshe. Wallahi ya cancanci 97 ɗinsa. Akwai wuraren da na ajiye manet ina kallon gari kawai. Tambayar da masu sharhi suka amsa ita ce, in mutum yana da lokaci da wuta da na'ura, shi kaɗai a ɗaki, wannan aiki ya kai? Ya kai. Tambayar yaya kuma ita ce ko zai mai da kuɗinsa kafin ƙarshen wata. Ba jaridar da ta yi wannan tambaya, kuma ba laifinsu ba ne, ba su san da shi ba.

Inda nake jin maganarsu sosai shi ne in maki ya faɗi ƙasa. Mushen da ke rabon 15 kamar goron suna, ranar da ya ba ka 5, to ka tabbata ka yi ɓarna. Masoya PES ba za su manta ƙarshen Satumba 2021 ba, lokacin da Konami ta sauya sunan wasan ta fitar da eFootball 2022. Fuskokin ƴan wasa sun karkace, ƴan kallo kamar an yanka su da kwali, ƙungiyoyin da za ka iya ɗauka ƴan kaɗan. Na kwamfuta ya tsaya wajen 25 a Metacritic, a Steam kuma ya zama wasan da masu saye suka fi kushewa a lokacin, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Nan ƴan jarida da masu wasa bakinsu ya zo ɗaya, kuma duk wanda ya ƙona megansa ya sauke shi a makon farko ya ga abin da suka gani. Haka FIFA 21 na Switch. EA ta ɗauko na bara ta sauya riguna da sunaye ta sake sayarwa, sai mai sharhin IGN ya ce tunda haka ne shi ma ba zai wahala ba, ya kwafo sharhinsa na bara ya liƙa, ya ba su 2 bisa 10. Irin wannan maki yana ceton kuɗin mutum. Mutanen da ba sa son ba da ƙasa da 6, in suka taru suka ba da 3, ba sai na je na gani da idona ba.

Wani zai ce to a bar ƴan jarida, a duba makin jama'a, su ne suka biya kuɗinsu. Nan ma da sauran magana. The Last of Us Part II ya fito a watan Yuni 2020, ƴan jarida suka ba shi 93. Cikin awanni kaɗan dubban mutane suka zuba masa sifili, alhali wasan yana cin sama da awa ashirin kafin a ga ƙarshensa. Da yawansu ba su buga ba, labarin da ya fita kafin lokaci ne ya ɓata musu rai, wasu kuma rigimar siyasar ƙasarsu suka kawo ciki. Masu kare wasan su ma suka zo da goma-goma. Abin ya zama zaɓe, kowa na cusa ƙuri'a. Bayan haka ne Metacritic ta kafa dokar sai wasa ya yi awa 36 da fitowa kafin jama'a su fara ba da maki. Steam ta ɗan fi, don tana nuna awa nawa mutum ya yi yana bugawa kafin ya yi magana. Wanda ya yi awa 200 ya ce wasa ya lalace, ina saurarensa. Wanda ya yi minti goma, sai dai in cewa ya yi wasan ya ƙi tashi.

Su kansu masu sana'ar sun san lambar ba ta ɗaukar abin da ake ɗora mata. Eurogamer ta Ingila ta daina ba da maki a 2015, ta ce a karanta sharhin. A 2023 ta dawo da taurari biyar. Mutane na son lamba, ba mu kaɗai ba. Abin da na ga ya fi amfani shi ne ka san mai maganar. Akwai wani mai sharhi Bafaranshe da nake bi, na gane duk wasan da ke da jinkiri da yawan magana yana so, ƙwallo da dambe kuma ba su dame shi ba. To 12 ɗinsa a wasan dambe ba ya hana ni komai, 18 ɗinsa a wasan labari kuma na san me take nufi. Kamar yadda muka san mushen falsafa da bai taɓa wuce 13 ba, in ya ba ka 12 sai ka yi sadaka. Mwayan na mutum tamanin da ba ka san ko ɗaya cikinsu ba, ba ya ba ka wannan.

Gaskiyar magana ma, yawancinmu ba a Play muke wasa ba, a salula ne, Tecno da Itel da Infinix masu ƙaramin ƙarfi. Free Fire ya cika gari tun bayan fitowarsa a 2017 saboda yana tashi a wayar da PUBG ke sa wa zazzaɓi, ba don wata babbar jarida ta yabe shi ba. A nan makin da muke gani taurarin Play Store ne, su kuwa sun fi kowane maki arha. Wasa ya bar ka ka ci matakin farko, kana cikin jin daɗi, sai ya fito da roƙon taurari biyar, tun kafin talla ta fara sauka duk bayan minti biyu, tun kafin ka kai inda ba ka wucewa sai ka sayi lu'ulu'u. Shi ya sa 4,5 a can ba ta gaya mini komai. Nakan gangara wurin masu tauraro biyu da uku, su ne ke rubuta dalili: yana zafafa waya, ba ya aiki in ba koneksiyon, bayan gyaran ƙarshe ya daina buɗewa. In na ga mutum uku sun ambaci waya irin tawa da matsala iri ɗaya, na haƙura.

Sauran aikin kuma a fada ake yinsa. Minti goma na bidiyon wani yana buga wasan, a ƙaramin hoto don kada mega ya ƙare, ya fi mini sharhi mai shafi huɗu. Wanda ya fi wannan shi ne a samu mai wasan a kusa. Kwanan baya wata ƴar ajinmu ta zo tana yabon wani wasan tseren mota, taurari 4,6, ta ce in kawo waya ta tura mini ta Xender. Wayarta da tawa kamfani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. Na ce ta ara mini tata tukuna. Na buga rabin awa a ƙarƙashin bishiyar bakin amfi, tseren ya yi daɗi ba ƙarya, amma talla ta katse ni sau shida, bayan wayar ya yi zafi kamar an ɗora ta a murhu, batir ya sauka daga 60 zuwa 35. A unguwarmu kuwa, lokacin zafi, wuta kan yi rabin yini ba ta dawo ba. Na mayar mata da wayarta na ce ta bar shi a can.